Ɗorawa Uku Masu Jan Fenti

Luba na tsaye da goyonta a bakin titi a Nassarawa GRA, tana jiran wata tsohuwa mai tallan daddawa ta sallami wani Alhaji da ya riga ta. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina.

"Baba, wannan ai ta waken suya ce. Ina ta kalwa, irin ta da?"

"Kalwa ai 'ya'yan ɗorawa ce, Alhaji, itatuwan ɗorawa kuwa an tuge."

"Lalaci dai. Ku mutanen ƙauye ba kwa son dashe."

"Goma sha ɗaya na gada wajen gyatumata. Gonar ta yayana ce, itatuwan nawa ne, duk garinmu an sani. Da kamfani ya sayi filin, shi ya dangwala hannu, ni ba wanda ya tambaye ni. Yanzu waken suya ne iya ganinka, ko inuwar kwantar da jariri babu."

Luba ta gyara goyonta.

"To ai ci gaban kenan. Mu ma harkarmu ce, kuma tarakta ba ta kewaye bishiya."

"Saura uku a bakin rafi. Shekaranjiya aka shafa musu jan fenti."

"In dai an shafa jan fenti, ba sa wuce sati."

"Sati? Mu bayan damina aka ce mana."

Alhaji ya gyara hula. Tsohuwar ta karɓe daddawarta daga hannunsa, ta rufe kwarya, ta juyo wajen Luba.

"'Yar nan, ki yi haƙuri, nuna min hanyar tasha. 'Ya'yan ɗorawan ba su gama nuna ba, amma gara in kaɗe abina ɗanye."