Abin da Na Karanta a Kan Inna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa.

Zamanin jam'iyya ɗaya, ni ke karanta labarai a talabijin a Lome. Wata rana aka kwashi matan Zongo, unguwarmu ta Hausawa, a mota, har da mahaifiyata mai ciwon gwiwa, suka wuni suna yi wa shugaban ƙasa rawa. Da yamma na sanar, da Faransancina na jami'a, cewa murna ce ta fito da su.

Inna ta kalla a maƙwabta. Ta ce, "Me kika faɗa a kanmu?"

Na ce, "Zannuwanku na yaba."

Ta ce, "To. Ai maƙwabciyarmu tana jin Faransanci." Ta ci gaba da shafa man zafi a gwiwarta.

Har yau ba ta sake zancen ba. Jama'a, ta ina zan fara neman gafararta? Ina gaida matan Zongo, in za su amsa.