Ramin da Aka Tona wa Rifkatu

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Ishaya, daga wajen Malumfashi nake. Wanda ya zo jin labarin yadda na cika coci da sababbin tuba, ya yi haƙuri, ba ni da irin wannan shaidar.

Ina da ɗanyen jini aka aike ni aikin bishara Ghana, ni da matata Saratu da 'yarmu Rifkatu tana goye. Aka ce ai Zangon Akra duk Hausa ake ji, aiki zai yi sauƙi. Sauƙi kuwa! Muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Mamobi, gidan wani tsohon ɗan goro, Alhaji Ɗanjuma. Da ya gane mu Kirista ne bai kore mu ba, amma ya sa aka ware mana randarmu da moɗarmu. Idan na fita unguwar Nima da Littafi Mai Tsarki, sai a taru ana kallona ana dariya, wai ga Bahaushe Osofo, wato fasto. Idan na shiga cocin da ta karɓe ni, mutanen kirki ne, amma da yarensu na Tuwi suke sujada, ni da matata muna zaune a baya kamar kurame. Nan ba namu ba, can ba namu ba.

Sai shekarar yunwa ta zo, shekarar da aka koro 'yan Ghana daga ƙasarmu. A layin sayen kenke, tuwon masararsu, ma na daina buɗe baki, kada a ji harshen Najeriya. Ana cikin haka ƙyanda ta shiga unguwa ta kama Rifkatu, lokacin ta fara haɗa magana ke nan. Mun kai ta asibiti, mun yi azumi, mun yi kuka a gaban Ubangiji. Wata Laraba da hantsi ta cika a hannun uwarta.

Nan ne na san me ake nufi da baƙunta. Wa zai binne mini 'yata?

Fastonmu ya yi tafiya Kumasi. Na ruga wurin dattijon cocin, ya riƙe hannuna da tausayi, ya ce a al'adarsu ɗan da aka fara rasawa ba a yi masa jana'iza, ba a kuka, iyaye ma ba sa zuwa kabari. Mu sa fararen kaya, mu ba ma'aikatan maƙabarta ita, su sun san yadda suke yi. Na ce 'yar tawa zan miƙa kamar kayan aike? Allah ya gafarta mini, na fita ko sallama ban yi ba. Wani kafinta ɗan cocin ne ya biyo ni, ya ce zai buga mini ɗan akwati da katakon da ya rage masa.

Na dawo Mamobi na tarar da limamin layinmu a ƙofar gida. Ya yi mini gaisuwa sosai, ya ce amma in yi haƙuri, ba za su iya yi mata salla ba, kuma ba ta shiga ɓangarensu na maƙabarta. Na san gaskiyarsa ce, duk da haka zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

Na shiga ɗaki. Saratu ta wanke yarinyar ta naɗe ta da zanen goyonta, tana zaune tana kore mata ƙuda. Ban yi addu'a ba, 'yan'uwa, faɗa na yi. Na ce, "Ubangiji, ka raba ni da dangina, ka karɓe 'yata, yanzu ramin da zan sa ta ma ka hana ni? In haka kake riƙon bayinka, na ajiye aikinka yau."

Ban rufe baki ba aka yi sallama. Alhaji Ɗanjuma ne, mutumin da bai taɓa taka bakin ɗakina ba. Da irin Hausarsu ta Zango ya ce, "Osofo, yarinyan ka a gidana ya mutu, ba zai kwana ba. Tashi." Ashe tun da ya ji kukan Saratu ya aiki manyan 'ya'yansa maƙabartar gari da diga da shebur, suka nemi wuri a ɓangaren Kirista.

Muka sa ta a akwati, muka shiga motar wani makanike ɗan unguwar Abosokai, uwarta ta tsaya a gida da matan Alhaji. Da muka isa, sai ga matsala. Bayin Allahn nan ba su taɓa tona wa akwati rami ba. Sun tona irin nasu, mai faɗi daga sama, da ɗan siririn rami a ciki daidai kwanciyar mutum, har sun sassaro itatuwan rufi. Aka gwada ta nan, aka gwada ta can, akwati ya ƙi shiga. Ga rana ta yi ƙasa, mai gadi yana cewa zai rufe ƙofa. Babban ɗan Alhaji kunya ta kama shi, ya ɗauki diga zai ƙara faɗi, na ce ya bari.

Na buɗe akwatin da hannuna na ɗauko ta. Na sauka cikin ramin, ƙasar da ɗuminta, na kwantar da 'yata cikin zanen uwarta. Alhaji ya durƙusa a baki ya ce, "Ku ina kuke juya fuskan?" Wallahi ban san amsa ba, ba a koya mana wannan a makarantar Littafi ba. Na ce a bar ta tana kallon sama. Suka miƙo mini itatuwa ɗaya bayan ɗaya ina jerawa. Da na kasa fitowa, tsohon nan ne ya kama hannuna ya jawo ni, ya ce in yi mata irin addu'armu, su za su jira. Suka cire huluna, ko da ba al'adarsu ba ce, don sun ga na cire tawa.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Babu wanda ya tuba a cikinsu, kashegari ma randarmu tana nan a ware. Saratu ba ta ƙara zama daidai ba har muka dawo gida, kuma ba mu sake samun haihuwa ba. Da na koma Akra bayan shekaru, na rasa inda kabarin yake, an binne wasu a wurin.

Amma aikin ban ajiye ba. Na zargi Ubangiji da hana ni rami alhali ana can ana tonawa. Abin da Ubangiji ya cece ni daga gare shi ke nan, ba don haka ba da na mutu da wannan zargin a bakina.

Na gode masa, ko da hawaye ne. Kai da kake zaune nan ka rasa wanda zai kama maka, kada ka yi saurin yanke wa Ubangiji hukunci irin nawa, ka dogara gare shi. Rifkatu ba ta kwana a waje ba. Amin.