Mai Neman Kifi Ranar Lahadi

An tashi daga coci, tsohuwa Sieni na hutawa a bakin titin birnin Apia cikin fararen kayanta, ta ajiye kwandon abincin Lahadi a gabanta, sai wani saurayi ya tsaya riƙe da waya.

"Sannu Iya. Ina ake sayar da kifi mai daɗi? Duk inda wayar nan ta kai ni a rufe yake."

"Yau Lahadi? Ai ko kifin hutawa yake. Ɗan gidan wa ne kai?"

"Daga ƙasar waje nake, birnin Auckland. Hutu na zo, ina otal."

"Ban tambaye ka inda jirgi ya ɗauko ka ba. Wannan hancin naka irin namu ne."

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "Sunana Petelo. Mahaifiyata 'yar ƙauyen Lefaga ce. Kullum zancenta kifin da ake gasawa kan duwatsu masu zafi da madarar kwakwa. Bara ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Danginta sun san ka zo?"

"Ban iya yaren sosai ba. Kunya nake ji."

"Ka zo ƙasar uwarka kana neman mai sayar maka da abinci, wannan bai ba ka kunya ba?" Ta nuna kwandon da haɓa. "Ɗauka mu je gida. Kifi ne da kaguwa da gwaza. Gobe da kaina zan kai ka Lefaga."

"To, nawa zan..."

"Ƙarasa ka gani. Kuma riƙe shi da kyau, ɗana, romon na zuba maka a takalmi."