Mutanen da Ke Cin Tururi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Khalilu Usaini, shugaban makarantarmu kuma ɗan yayana; mai girma Dagaci, Alhaji Dabo, Allah ya ja zamaninka; Allah gafarta Malam Liman; malaman makaranta; 'yan'uwana manoma da kuka baro gonakin da ba su ba ku komai ba; iyayenmu mata da ke zaune bayan zana; jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode muku da kuka ba ni, ni Nababa, tsohon malami wanda alli ya cinye wa yatsu, damar yin magana. An kira wannan taro na iyaye da malamai ne saboda yaranmu suna kifewa a kan benci kafin azahar, wasu ma sun daina zuwa. Damina ta yi gardama, rumbuna sun zama gidan ɓera, ɓeran ma ya yi ƙaura. Kun ce in kawo shawara. Ni ba ni da hatsi, kuma shawara ba ta cika tumbi. Abin da nake da shi magana uku ce, ta ƙarshen kuwa shekara arba'in ina tauna ta, ta ƙi haɗiyuwa.

Magana ta farko labarin wata ƙasa ce. Manya sun tuna shekarar farin nan da muka ci tafasa har ta ƙare a daji, muka koma kan dusa. A gidanmu akwai matar yayana Usaini, wato Safara'u, mahaifiyar shugaban wannan taro. Kamar sauran mata, takan ɗora tukunya da ruwa zalla, ta rufe, ta hura wuta, don yara su ɗauka ana girki. Amma yaro ba wawa ba ne, kwana biyu ya gane. Sai ta tara su a gindin murhu, nata da na maƙwabta, ta ce:

"Ku yi shiru. Wannan tukunyar ta baƙi ce. Shaƙau ne za su zo."

Su waye Shaƙau? Wallahi babu wanda ya taɓa jin su, daga kanta ta ƙago su. Ta ce mutane ne masu tsawon taɓarya, ba su da bakin cin abinci, sai hanci mai faɗin ƙoƙo, kuma tururi suke ci. Gaisuwarsu ita ce, "Me ka shaƙa yau?" Sadakinsu ƙamshin ruwan farko ne, a tara shi a gora a liƙe. Babban ɓarawo a wurinsu shi ne wanda ya buɗe murfin tukunya kafin lokaci, hukuncinsa hancinsa ya tsuke har abada. Ba sa gadon sarauta, wanda ya fi kowa iya jira shi suke naɗawa. Suna da wata dabba, lasar-raɓa, mai ƙafa shida da tozo cike da ruwan sama, amma matsoraciya ce, da ta ji kukan yaro sai ta juya da ruwanta.

Ku dubi hikimar, jama'a. Ba ta ƙagi dodo don ta tsorata su ba. Ta auna yunwarmu ne, ta ɗinka mata halitta daidai jikinta. Yara suka daina taɓa murfi don kada hancinsu ya tsuke, suka daina kuka don kada lasar-raɓa ta gudu, suka shiga gasar jira don kowa yana son sarauta. Kullum tana ƙara wa ƙasar nan wani abu: yau kasuwarsu, gobe yadda suke zanen suna, jibi yaƙinsu da mutanen iska masu sace tururi. Haka take riƙe su har la'asar, lokacin da ɗan abin da aka samo zai shigo. Mun saba cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni na ga wadda ta dafa ruwa ta ciyar da unguwa.

Magana ta biyu al'adarmu ce. Kowa a nan ya tashi ya tarar ana cewa ba a tatsuniya da rana, wai in an yi, wani zai ɓata. Ita kuwa Safara'u da rana tsaka take yi, domin da rana yunwa take cizo. Tsofaffi suka yi mata magana, ta ce:

"Inna, in na jira dare, wa zan tarar?"

Ana cikin haka yayana Usaini ya shiga mota ranar kasuwar Tsanyawa, da sunan ci-rani. Rani ya wuce, damina ta zo ta wuce, babu shi babu saƙonsa. Har yau ba mu san inda ƙasa ta rufe shi ba, in ma ta rufe shi. Sai magana ta tashi a gari cewa tatsuniyar rana ce ta ɓatar da shi. Mata suka janye 'ya'yansu daga murhunta. Aka riƙa nuna ta da baki a bakin rijiya. Daga ranar ta rufe ƙasar Shaƙau, ba ta sake ambatonta ba, ko ga jikokinta. Kuma ni shaida ne, bayan ta yi shiru ne kukan yara ya dawo unguwarmu, kuma a watannin ne muka fi zirga-zirga zuwa maƙabarta da 'yan ƙananan likkafani. Ban ce tatsuniya tana tsare ajali ba, Allah gafarta Malam, ajali na Allah ne. Na faɗi abin da idona ya gani.

Magana ta uku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wa ya fara cewa tatsuniyarta ce ta ɓatar da mijinta? Ni ne. A ƙofar masallacin can na faɗa, bayan sallar Juma'a, jama'a suna ji. Kuma na faɗa ne alhali na san ƙarya ce, domin ni na raka Usaini tasha. Ya riƙe hannuna ya ce:

"Nababa, ba zan dawo ba. Na kasa duban idon yaran nan. Mace tana ciyar da su da labari, ni ko labarin ba ni da shi."

Na ji kunyar a ce ɗan gidanmu ya gudu ya bar iyalinsa. Na duba wanda zan ɗora wa kayan, sai na ga mace wadda ba ta da mai tsaya mata, kuma ga al'ada ta ba ni igiyar ɗauri. Magana zarar bunu ce. Na zare, rufin ya zube a kanta, ni kuwa na ci gaba da koya wa 'ya'yan mutane gaskiya a aji. Khalilu, ɗana, na ga ka sunkuyar da kai. Ubanka ba ɓata ya yi ba, tafiya ya yi. Uwarka ba ta kore shi ba, ita ce ta tsaya.

Da aka sanar da wannan taro, na tafi wurinta shekaranjiya, na roƙe ta ta zo makaranta ta riƙe mana yaran nan da labarinta kamar da, daga hantsi zuwa tashi. Ta dube ni, ta ce:

"Shaƙau sun mutu, Nababa. Shekara arba'in babu mai ɗora musu tukunya. Amma in kana son in duba ko da sauran mai numfashi, abin da ka faɗa da rana a gaban mutane, je ka warware shi da rana a gaban mutane."

To, ga rana, ga mutane. Yaya Safara'u, na san kina bayan zanar nan kina jina. Na yi miki ƙazafi, na raba ki da maƙwabtanki, na kashe miki ƙasa guda da mutanenta da dabbobinta. Ba ni da abin da zan mayar miki. Ki yafe mini domin Allah, in kuma ba za ki iya ba, kada ki haɗa da yaran nan, su ba su yi miki komai ba. Gobe da hantsi zan kawo itace da tukunya ƙarƙashin darbejiyar makaranta, in hura wuta, in zauna. Ko kin zo ko ba ki zo ba, ba zan taɓa murfin ba.

Allah ya dubi wannan gari da idon rahama. Allah ya saukar mana da ruwa mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya raya mana zuriyarmu. Allah ya jiƙan waɗanda muka binne a wancan fari, ya jiƙan Usaini in ya riga mu, ya tsare harsunanmu daga cin naman marar ƙarfi. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.