Wai Kan Bakwaini Bai Nuna Ba

Salamu alaikum mai gabatarwa, da masu saurare a faɗin Dahome. Ni ce Hajara mai tuwo daga Banikanni, Paraku, kuma raina a ɓace yake.

Ɗiyata Rabi bakwaini ce, cikin auduga na raine ta. Da na kai ta lakwal, wato makarantar boko, mushen ajinsu, malamin nasu ke nan, ya ji labari, ya ce wai kan bakwaini bai nuna ba, in mai da ita gida ta tuƙa tuwo. Sai ka ce mangwaro!

Na kai ta garin Jugu wajen yayana, ya sa ta lakwal a can. Bana ita ta zo ta ɗaya a ajinsu, kuma ita ta rubuta mini wannan wasiƙa da hannunta.

Jama'a, ku ba ni shawara: in je in sami mushen nan da ya kore ta? Mushe, in kana saurare, yanzu ya nuna ko da saura?