Sunan da Na Laƙaba wa Mulika

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da kai da masu saurare. Ni ce Balkisu daga Argungu.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, ƙanin mijina ya samu aiki a Birnin Kebbi, ya auro Bayarabiya, Mulika. Mu matan gidan, ko tarin surukinmu muka ji sai mu ɓuya. Ita kuwa durƙusawa take gabansa ta zauna suna hira. Aka sa mata suna Marar Kunya.

Da Baba, surukin namu, ya samu shanyewar ɓarin jiki, maza suna fadama wajen shinkafa, mu kuma kunya ta tsayar da mu bakin ƙofa. Mulika ta taho daga Birni, ta ɗaga labule ta shige. Wata bakwai tana ba shi kunu a baki, tana goge masa haɓa. Na ji yana cewa, "Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka." Ina bayan ƙofa riƙe da kwano.

Ta koma garinsu bayan rasuwar mijinta. Mulika, in kina ji, ki yafe mini. Sunan nan ni na laƙaba miki shi.