Tsaga Bakwai a Ƙota

A shagon wani mai gyaran bindiga a kasuwar Darra, tsoho Zarin Gul na zaune yana jira, da tsohuwar bindigar sojan Ingila a cinyarsa. Wani direba da ke gefensa ya leƙo.

"Baba, wannan ai ta girmi ubana! Me za a yi mata?"

"Ƙota za a sake, a ɗora madubin hangen nesa. Ido ya gaji."

"Haba Baba! Dubi tsagar da ke jikinta, har bakwai. Wa ya yi su?"

"Biyar mahaifina, biyu ni."

"Maza bakwai ta kayar! Wallahi da tawa ce, a bango zan rataye ta."

"Takwas ne. Danginsu sun zo ramuwa, suka kashe ɗana. Tasa tsagar tana jikin wata bindigar."

Direban ya sunkuyar da kai. "To ka sayar da ita mana, ka huta."

"Kafaɗata ta saba da ita. Duk Juma'a ni da ita mukan hau tudu, mu kafa farin dutse, mu yi ta harbi har la'asar."

"Dutse kuma? Ina daɗin harbin dutse?"

Zarin Gul ya shafa ƙotar.

"Dutse ba shi da ƙanne, ɗana."